Raɗa a Kunnen Kaka

"Ba ciwo ba ne. Faɗi in ji."

"Ba ciwo ba ne," in ji Deborah, amma idonta na kan jan zoɓon da kakarta ta ɗiga a farin tsumma.

Kakar, Mama Martha, ta jingina da bango ta sauke numfashi. Kwananta tara da dawowa daga asibiti, inda likita ya ce wa ɗanta Jethro, uban Deborah, ya kai ta gida kawai. Ɗakina ke kallon nata a gidan hayarmu na Unguwar Boro. Ni da na tsallake yaƙin basasa, na ga sojoji sun hau sun sauka, na tsallake rikicin bara, ban san ko bihim a boko ba amma na san fuskar mai tafiya. Ita ma ta sani.

Jikarta ce damuwarta. Shekarar Deborah goma sha uku, jiki ya fara zama na budurwa, hankali kuwa na 'yar shekara biyar. Uwarta ta rasu tun tana goye. Ko ƙaya ta soke ta, sai ta bi ɗaki-ɗaki tana nuna wa 'yan haya. Anti Eunice, yayar uwarta, ta riga ta faɗa: ranar da yarinyar ta fara al'ada ta kasa rufa wa kanta asiri, ƙauye za ta kai ta, ta zauna a kulle.

Shi ya sa kullum da hantsi ake wannan karatu. In kin gani, ki yi shiru. Ki zo ki raɗa wa Kaka a kunne. Ki ɗauki jakar ƙunzugu, ki shiga banɗaki, ki rufe ƙofa. Sai da aka yi ya fi sau ɗari kafin ya zauna. Abin da ya shiga kan Deborah kuwa, ya shiga ke nan.

Ni na gano kuskuren. Na ce, "Mama Martha, in ba kya nan fa, kunnen wa za ta nema?"

Ta dube ni ta ce, "Baba Shekari, bakinka ba daɗi, amma gaskiyarka." Ta sa aka tsayar da Jethro yana shirin fita acaɓa.

"Haba Mama, ni fa namiji ne."

"Da ka haife ta mace ce kai? Durƙusa ka kawo kunnen nan."

Ya durƙusa yana gumi kamar mai laifi a gaban fasto. Deborah ta dube shi, ta ture kansa.

"Kunnen Kaka."

"Na Babanki ma kunne ne, ga shi fato-fato."

"Kunnen Kaka!"

Kwana huɗu suna fama, ba ta yarda ba. A na biyar muryar tsohuwa ta dushe. Ranar Alhamis da rana, Deborah na yi mata fifita da murfin kwano, tsohuwa ta cika. Yarinyar ta ci gaba da fifitar sai da 'yan Zumuntar Mata na coci suka karɓe murfin.

Bayan an binne ta, Anti Eunice ta ce wa Jethro, "Ranar da ta fara, ina jiran saƙonka."

Sati uku da haka, da safe, Jethro yana goge babur a tsakar gida, mata na wanke-wanke. Deborah ta fito daga banɗaki tana tafiya a matse. Ta wuce matan, ta wuce ni, ta wuce ubanta, ba ta ce uffan ba. Ta shiga ɗakin kakarta, ta sunkuya kan filon da ba kowa, ta yi raɗa. Sannan ta tsaya tana jira.

Jethro ya bi ta zuwa bakin ƙofa, tsumman babur a hannu. Ya ga numfashinta ya fara hawa, bakinta na shirin buɗewa. In ta kurma ihun nan, gidan duka zai taru.

Ya rage murya. "Kaka ta ji. Ɗauki jakarki."

Ta waiwayo ta dube shi. Ta sake duban filon. Sai ta ciro jakar daga ƙusa, ta rungume, ta fita.

Ya ɗebo ruwa a bokiti ya kai mata, ta shigar da shi banɗaki, ta rufe ƙofa. Ya jawo benci ya zauna, ya ba ƙofar baya. Wata mata ta leƙo daga zaure tana neman mai acaɓa zuwa Sabon Tasha, ya girgiza mata kai. Daga ciki ana jin ƙarar ruwa a kan siminti, kaɗan-kaɗan.