Kaset ɗin Yaya Nu'uman

Tun hantsi Salihu ke zarya a shagunan hayar kaset, daga Ƙofar Guga har Ƙofar Kwaya, yana neman fim ɗin da ko sunansa bai sani ba. Gari ya ɗauki murnar soja sun sauka daga mulki, shi kuwa hankalinsa na gida. Yayansa Nu'uman na kwance da ciwon ƙoda, ya daina ci, ya ƙi a kai shi asibiti, wai ya riga ya gama yawo. Abu ɗaya ya roƙa: tsohon fim ɗin Indiyan nan da suka gani a silima suna samari, wanda jarumi ya kwanta rai a hannun Allah, amma a ƙarshe ya miƙe har da rawa. Salihu ya sa a ransa in Yaya ya ga wannan tashin, zai karɓi ko da kunu ne.

Da ƙyar aka kwatanta masa gidan Malam Yari, wanda ya yi aikin haska fim kafin silimar ta zama rumbun taki. Tsohon ya saurara, ya shiga ɗaki ya fito da kaset.

"Ga shi, amma jaruminku mutuwa ya yi."

"Haba Malam! Da idona na ga ya tashi."

"Ka kau gani. Ran da muka fara sa shi, ya mutu, Katsinawa suka farfasa mana bencina. Shi ya sa na riƙa sauya jerin faifan, in sa na bikin da ya yi rawa daga ƙarshe. Wanga kaset yadda masu shi suka yi shi yake."

Jikin Salihu ya yi sanyi. Ashe gari guda aka yi wa wayo, kowa kuma ya tafi gida yana murna. Ya karɓa dai, don a rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Bayan la'asar ya jona bidiyo a ɗakin Yaya. Nu'uman ya sa aka jingina shi da filo, yana bin waƙoƙin da leɓe, har ya kurɓi kunun da matarsa Rahama ta miƙo ba tare da ya lura ba. Salihu kuwa tsoro ya cika shi, gumi kawai yake. Da aka kwantar da jarumi, likita ya fara girgiza kai, sai Salihu ya zura ƙafa bayan kujera ya fizge waya.

"Kash! Sun ɗauke wuta."

Nu'uman ya kau da ido daga talabijin. Ya ɗaga kai a hankali ya dubi fankar sama, tana ta juyawarta. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya dubi ƙanensa.

"Daga nan ya warke, ko?"

"Ya warke, Yaya. Har rawa ya yi."

"Haka nike tune." Ya miƙa wa Rahama hannu. "Ƙaro mani kunun nan."