Kwalekwalen da Muka Shanya

Har yau in aka tambaye ni asalin kwalekwalen nan haushi nake ji, don ban sani ba. Baffa Muntaka, ƙanin mahaifina, ya rantse daga Tafkin Chadi kakanmu Bubayero ya taho da shi a babbar mota, wai da shi yake haye da maruƙa zuwa tsibiri kafin tafkin ya janye. Goggo Hindatu ta ce ina, a fadamar Haɗeja ya saya. Ni dai abin da na gani, kullum Kaka na cika shi da ruwa a bayan gidanmu na Jahun, shanu suna sha.

Da ya rasu, Goggo ta ce abin kunya ne kayan tarihi ya zama mashayar dabbobi. Muka kwashe ruwan, muka ɗora shi kan duwatsu a rumfa, tana shafe shi da man shanu kamar ƙwaryar nono. Shekaru yana nan a bushe, baƙi na zuwa kallo.

Sai ga ambaliyar bara. Maruƙanmu, ragowar irin shanun Kaka, suka maƙale a wani tudu, ruwa na ta hawa, uwayensu na kuka a gefenmu.

"Ku fito da jirgin!" in ji Baffa.

Muka kinkimo shi da murna. Baffa ya shiga da gora, bai yi nisa ba ruwa ya fara ɓulɓulowa ta ko'ina.

"Murja, wa ya huda shi?" ya daka mini tsawa.

"Haba Baffa, ko kaza ba ma bari ta hau!"

Goggo na ta salati, tana tambaya ko man ne bai isa ba. Jirgin ya nutse, Baffa ya fito da ƙyar. Muna tsaye muna kallo ruwa ya rufe tudun. Wallahi na yi kuka har muryata ta dushe.

Da ruwa ya ja muka zaro shi daga laka. Katakon ya kumbura, duk tsagogin sun rufe ruf. Baffa ya tura shi kududdufi ya shiga, ko ɗigo bai shigo ba. Goggo ta zauna daɓas a ƙasa, ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe ba shanu kaɗai Baba yake shayarwa ba," ta ce.

Yanzu ni ke cika shi kowace safiya. Shanun na zuwa su sha, babu maraƙi ko ɗaya a bayansu.