Ni Na Sa Hannu

Wata shida ina rufe shagon ɗinkina a Orozo duk Asabar, ina zuwa ajin iyaye koyon rubutu. Ranar da 'yata Mashkura ta kawo littafin aikin gida a sa mata hannu, na ce yau babu dangwale. Na rubuta sunana, Safara'u Yelwa, har da gumi.

Washegari ta dawo tana kuka. Wai malaminsu ya zane ta, ya ce ita ta sa hannu a madadina.

Na zari mayafi, sai makaranta.

"Malam, me 'yata ta yi?"

Ya buɗe littafin. "Maman Mashkura, duba da kanki. Rubutun yara ne. Wane babba ne zai yi wannan jagwalgwalo?"

Na fizge biron hannunsa, na duƙa kan teburinsa, na sake rubuta sunan a ƙasan na farko, 'yan aji suna kallo. Iri ɗaya sak.

Ya dubi na sama, ya dubi na ƙasa.

Na miƙa masa tafin hannuna. "Ga mai jagwalgwalon, Malam. Ɗauko bulalar."