Harshen Ilde

Shekara goma sha ɗaya ke nan da harshen Ermete ya mutu. Zuma da gishiri duk ɗaya suke a bakinsa, amma a ƙauyensu na gaɓar tekun Liguriya farar giyarsa ce ake ji da ita. Asirin kuwa yana wurin matarsa, Ilde.

'Yar tsaunukan arewa ce, inda giyar inabi take ja, mai nauyi. Kullum cewa take tasa ruwan teku ce da aka yi wa kwalliya. Duk da haka, kafin a ɗura a kwalba ita ke bin gangunan tana ɗanɗanawa, ta nuna masa wadda za a fitar, shi kuma ya je ya cika baki a gaban maza.

A watan Janairu ta rasu. Da bazara ta zo, ranar da kowane mai gonar inabi ke kai kwalbarsa ta farko dandali, Ermete ya tsaya shi kaɗai gaban ganguna uku. Ya sansana, ya kurɓa, bai ji komai ba. Tsoron tonon asiri ya kama shi. Ya rufe ido ya ɗebi ta tsakiya.

A dandali, abokinsa Tarcisio ya kurɓa, ya haɗiye da ƙyar.

"Ta yi," in ji shi.

Sauran suka shanye da sauri, suka koma hirar ruwan sama. Ermete ya san halin tsofaffin nan sarai: ko giyar fadar sarki aka kawo sai sun nemo mata aibu.

"Tarcisio, kar ka raina mini hankali. Faɗa mini gaskiya."

"Ta yi tsami, mutumina. Ko a salak, a madadin ruwan tsami, ba za ta shiga ba." Ya sunkuyar da kai. "Mun san ba ka jin ɗanɗano. Tun shekarar farko Ilde ta gaya mana, ta ce duk wanda ya nuna maka zai gamu da ita."

"To, yabon da kuke yi fa?"

"Giyar ta cancanta. Ai da ma ba kai muke yabo ba."

Ba wanda ya yi dariya. Ermete ya toshe kwalbarsa ya kama matakalar dutse zuwa gida. Kunya ce ya yi ta gudu shekara da shekaru, ga shi ta zo, kuma ba ta dame shi ba. Abin da ya ci masa rai shi ne yana so ya tambayi Ilde dalili, kuma babu kowa a gidan.