Nedo a Gindin Hasumiyar Pisa

Shekarar Nedo sittin da takwas a duniya bai taɓa kwana a Pisa ba, kuma da wannan yake alfahari kamar yadda wasu ke alfahari da 'ya'yansu. Daga ƙofar gidansa a Livorno zuwa Pisa bai fi minti ashirin ba a jirgin ƙasa. Sau uku ya taɓa shiga garin, duk asibiti ya kai shi, kuma duk ukun kansa a sunkuye ya shiga ya fito, don kada wani abu ya burge shi bisa kuskure. In ka tambaye shi me mutanen Pisa suka yi masa, sai ya dube ka kamar ka tambaye shi dalilin da ya sa teku ke da gishiri. Kakansa ya tsane su, ubansa ya tsane su, shi kuwa ba a kansa za a fara ɓata tarihin gida ba.

Ran nan wata Lahadi shi da matarsa suna cikin shan miyar kifi, 'yarsu Marusca ta ajiye wata takarda kusa da kwanon uwarta. Ta kama musu ɗaki ne na kwana biyu a wani masauki da ke bakin kogi, don murnar cikar aurensu shekara arba'in. Nedo ya jawo takardar yana murmushi, ya karanta sunan garin, cokali ya faɗi daga hannunsa.

"Ke Marusca, me na yi miki?"

"Ni na zaɓa," in ji matarsa Loriana, ba ta ko ɗago kai ba. "Gwiwata ba za ta kai ni birni mai nisa irin Venezia ba. Hoto ɗaya nake so, Nedo, ni da kai a gindin karkatacciyar hasumiyar nan tasu, irin wanda mutanen duniya ke tahowa daga bangon duniya su ɗauka. Bayan shi ba zan ƙara roƙonka komai ba."

Ba faɗa ta yi ba, ba ta ɗaga murya ba, abin da ya tsorata shi ke nan. Da Marusca za ta tafi ya raka ta ƙofa, ta riƙe hannunsa ta ce, "Baba, haƙurin Mama saura kaɗan a gindin tukunya. In ka ɓata mata wannan tafiyar, za ta ci gaba da dafa maka abinci, amma ba za ta ƙara sa ranta a kanka ba." Nedo ya yi tsaki don kada a ce ya ji, amma ya ji. Yana son matarsa, so na gaske, sai dai bai taɓa ganin dalilin da zai sa ya wahalar da bakinsa wajen faɗa ba.

Washegari ya tafi neman shawara wurin Ilio mai aski, amininsa tun suna aikin lodi a tashar jiragen ruwa. Ilio bai taɓa zuwa ko'ina ba, don haka babu wanda ya kai shi sanin yadda ake tafiya. Da ya ji labari sai ya bar kan mutum rabi a aske, ya juya allon ƙofa alamar an rufe shago, ya zauna kamar an yi rasuwa.

"Kwana biyu? Kai, ɗan'uwa, Allah ya ba ka haƙuri. Ɗauko biro."

Nedo ya ɗauko, ya juya bayan takardar masaukin.

"Kada ka sha ruwansu, ka tafi da naka. Kada ka ci wainar wakensu, ba su iya ba, kuma in ka tarar sun iya ka shiga uku. Godiya sau ɗaya a rana ta isa. In an nuna maka gini an ce ka duba kyau, ka ce ka ga wanda ya fi shi."

"A ina?"

"Ina ruwanka da a ina? Ka ce ka gani."

Mai rabin aski ya sa baki daga kan kujera: "To batun kwanan fa? Ai shi ne abin kunyar."

Ilio ya shiga buga almakashi a tafin hannu. Can ya ɗago, idonsa na ƙyalli. "Kada bayanka ya taɓa katifa. Mutum in a zaune ya yi barci, gyangyaɗi ya yi, bai kwana ba. Ka dawo nan ka dafa kan jikokinka ka rantse ba ka taɓa kwana a Pisa ba, kuma ba ka yi ƙarya ba."

Nedo ya fita daga shagon yana jin lallai mai shawara aikinsa ba ya ɓaci.

Ranar Juma'a suka sauka a Pisa, Loriana da 'yar jakarta da sabon takalmi, Nedo da gorunan ruwa shida da ƙunshin burodi kamar mai shirin ƙetare hamada. Abin haushi, mai masaukin mutuniyar kirki ce. Sinyora Armida sunanta, wata 'yar dattijuwa mai fara'a, har furanni ta sa musu a ɗaki. Nedo ya yi ta neman abin da zai kama, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya buɗe famfo ya rufe, ya shafa saman kabad da yatsa. Ko ƙura babu. Wannan ya ɓata masa rai ƙwarai.

"Ga kogi nan ta taga," in ji Sinyora Armida. "Da yamma ya fi kyau."

"Wannan ne kogin?" in ji Nedo. "Mu a garinmu in ruwa bai kai a rasa ganin ƙarshensa ba, kwata muke ce masa."

Loriana ta yi maza ta dafa hannun matar. "Sinyora, ki yi haƙuri, tafiya ce ta gajiyar da shi."

"Tafiyar minti ashirin?"

"Jikin tsufa ne," in ji Loriana, ta shiga yabon furannin har matar ta saki fuska.

Haka aka wuni. A gidan cin abinci ya fito da burodinsa daga aljihu a gaban mai kawo abinci, Loriana ta ce likita ne ya hana shi na waje. A kan gada wani dattijo ya ɗaga musu hula, Nedo ya tsaya yana tambayarsa ko sun taɓa haɗuwa ne, Loriana ta gaida mutumin gaisuwar mutum biyu. Godiyarsa ta ranar kuwa tun a tasha ya ɓarar da ita, wani ya riƙe masa ƙofa bakinsa ya suɓuce, don haka duk sauran godiyar wunin a wuyan Loriana ta faɗa.

Da gari ya waye Loriana ta tarar da shi a kujerar katako kusa da taga, sanye da takalminsa, baki a buɗe. Ta tashe shi. Ya miƙe zai yi mata bayanin bambancin kwana da gyangyaɗi, sai ya ji wuyansa ya ƙi. Wuyan ya sandare, ya karkace gefe ɗaya, kunne na neman kafaɗa. Ta shafa masa man zafi. Ta gyara gadon da rabinsa ko lanƙwasa bai yi ba, ta saka sabon takalminta, ta ce su tafi.

Suka bi ta lungu suka ɓullo babban filin. Ga ciyawa koriya shar, ga farin coci, ga hasumiyar a bayansa, ga jama'a daga kowace ƙasa sun jeru a bakin hanya hannuwa a sama kamar 'yan sanda sun tsare su. Loriana ta tsaya cak ta kama ƙirji. Nedo kuwa, duk da ya yi niyyar ba zai duba ba, ido ba ya jin magana. Ya duba, ya sake dubawa.

"Loriana, an gyara ta ne?"

"An gyara me?"

"Ai a miƙe take! Sak kamar sandar fitila!"

"Wuyanka ne, Nedo."

Wannan abu ya yi masa ciwo. Shekara sittin yana yi wa mutanen Pisa dariya cewa ko gini ba su iya tsayarwa ba, yau ya zo har gida, shi kaɗai ne a duk filin yake ganin ginin a tsaye. Ya gwada karkata jikinsa ɗaya gefen don ya dawo mata da karkatarta, bayansa ya ce bai yarda ba.

Loriana ta samu wata baƙuwa 'yar Koriya mai hular rana, ta miƙa mata wayarta, suka fahimci juna da hannu. Ta ja Nedo zuwa inda ake tsayawa. "Nan za mu tsaya, ni a gaba kai a bayana, mu ɗaga hannu kamar mun tare ta kada ta faɗi. Shi ke nan fa."

Sai a lokacin Nedo ya gane irin hoton da ake nufi. Ya ce yana zuwa, fitsari ya matse shi. Ya laɓe bayan rumfar mai sayar da katunan hoto, ya buga wa Ilio waya.

"Ilio, an zo wurin. Cewa ta yi in tare hasumiyar."

"Ka tare? Kai? Ɗan Livorno ya tallafi hasumiyar Pisa da hannunsa, a hoto? In ka yi wannan ka nemi wani wanzamin, ni ba zan ƙara taɓa kanka ba."

"To ya zan yi? Matar nan ta sa rai."

"Hoto ta ce tana so, ita da kai, ko? To ka shiga hoton. Amma ka tsaya ta ɗaya gefen ka tura. Ita ta samu hotonta, mu mun samu namu. Bango zan manna shi, saman madubi!"

Nedo ya dawo yana jin kansa kamar wanda ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Loriana ta riga ta tsaya, ta juya fuska wajen hasumiyar, hannuwa a sama, tana murmushin da ya daɗe bai gani ba. Baƙuwar ta ɗaga yatsa ɗaya, ta ɗaga biyu. Kafin na uku Nedo ya zagaya da sauri ya koma ɗaya gefen, ya kafa ƙafa, ya cije leɓe, ya tura iska da duk ƙarfin da ya rage masa. Baƙuwar ta ƙyalƙyale da dariya ta danna, ta miƙa wayar, ta rusuna ta wuce.

Loriana ta kare hasken rana da tafin hannu ta duba hoton. Nedo ya matso yana jiran faɗa, har ya tanadi amsa. Faɗan bai zo ba. Ta daɗe tana kallo, ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta mayar.

"Ya yi kyau," ta ce.

"Ko? Ai na ce miki..."

"Ya yi kyau sosai. Shekara arba'in mutane na tambayata yaya zama da kai yake, ina rasa yadda zan faɗa. Ga shi yarinyar nan ta ɗauka a minti ɗaya. Ni ina tarewa, kai kana turawa."

Ta saka wayar a jaka ta ja zip. Ta tafi a hankali saboda gwiwar, ta sayi askirim guda ɗaya, ta samu dakalin dutse a inuwa ta zauna, ta ba shi gefen fuska.

Nedo ya tsaya a tsakiyar hanya mutane na ratsa shi. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta da wurin ɓuya, da tsoro kuma a ƙarƙashinta. Ya nemi wanda zai zaga ya rasa, don duk wanda ya duba a filin babu ruwansa. Ya ja ƙafa ya koma daidai inda Loriana ta tsaya ɗazu. Da yake shi a miƙe yake ganin ginin, bai ma san inda zai sa hannun ba, sai ya saci kallon wani ƙaton Bajamushe da ke kusa ya kwaikwaye shi. Ya ɗaga hannu biyu ya tsaya, ba mai ɗaukarsa hoto.

Rigarsa ta ɗage, jar rigar ƙwallon Livorno da ya saka a ciki tun daga gida ta leƙo. Wasu ma'aikatan gyaran hanya biyu da ke cin burodi a gefe suka hango. Ɗaya ya zunguri ɗaya.

"Kai, zo ka ga ikon Allah! Ɗan Livorno ya zo taya mu riƙo!"

"Riƙe da kyau, kawu! In ta faɗi kai za mu kama!"

Suka fito da wayoyinsu. Wayar Nedo ma ta shiga ruri a aljihu, ya san Ilio ne, amma hannuwan duka biyu suna sama. Bai sauke ba. Kafaɗunsa suka fara zogi, gumi ya gangaro ta karkataccen wuyan ya shige kunne.

Loriana ba ta yi sauri ba. Ta shanye askirim ɗinta tas, ta goge yatsu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta taso. Ta tsaya gabansa, ta rufe ido ɗaya tana auna shi da ginin.

"Sauke na hagu kaɗan. Ba ka ma taɓa ta ba."

Ya sauke kaɗan. "Haka?"

"Haka."

"Loriana, da nauyi fa."

"Na sani."

"To zo ki tsaya a ɗauka. In kira wancan Bajamushen?"

Ta dube shi, ta gyara masa rigar da ta ɗage, ta tura jar a cikin wando kamar yadda ake yi wa yaro.

"Ba yanzu ba," ta ce. "Riƙe tukuna. Ni na gaji."

Ta koma dakalinta ta zauna, ta cire sabon takalmin ta miƙe ƙafa.