Daliyar Herlinda

Dattijon da ake kira Don Nabor ya ƙare ƙuruciyarsa yana gasa burodi a garin Huamantla, bai taɓa damuwa da bambancin fure da ciyawa ba. Lambun bayan gida na matarsa ne, Herlinda. Ita ke haƙa, ita ke kafa sanduna ta ɗaure rassa, ita ke tsince dodon koɗi da sassafe kafin ya cinye ganye. Furen daliya take shukawa kamar sauran mutanen garin, amma akwai wani iri da babu mai shi sai ita. Daga ƙwaya ta raine shi: fure fari fat, gefensa ja kamar an tsoma a zoɓo. Masu shimfiɗa furanni a titi don bikin coci na watan Agusta sun yi ta roƙonta, ta hana.

"Wannan na gidan nan ne," in ji ta. "Ba ya fita."

Da ta rasu, lambun ya dawo hannunsa. Ya riƙa ba shi ruwa safe da yamma, ko da sama ta kwana tana zuba. Shukar ta yi tsawo a rame, ganyen ƙasa ya yi rawaya, furen kuma bai wuce tafin hannun jariri ba. Duk da haka wata Lahadi bayan an tashi daga coci ya yanki guda biyu ya nufi maƙabarta.

A kan kabarin ya tarar da gwangwanin madara cike da daliyar Herlinda, fari da jan gefe, kowane fure ya kusa kai faranti. Ya daɗe a tsaye. Nasa biyun da ke hannunsa har sun fara lanƙwashe wuya.

A gida ya sami 'yarsa Ofelia tana gasa masa wainar masara a kasko.

"Ke kika kai wa uwarki fure?"

"A ina zan samo, Baba? Naka da ke fama da rai?"

"To wani ya kai. Irin nata."

Ofelia ta juya wainar ba ta dube shi ba. "Ai abin kirki ne. Zauna ka ci da zafinta."

Bai ci ba. Daga ranar ya shiga yawon gari, shi da gwiwarsa mai ciwo, yana leƙen katangun mutane kamar wanda akuyarsa ta ɓata. A unguwar tsohuwar tashar jirgi ya gan su, sun yi layi a jikin bango, an ɗaure kowanne da tsumman yadi mai kyau. Gidan Don Meliton ne, tela. Duk garin an san shi ya fara neman Herlinda tun suna yara, kuma da ta zaɓi mai burodi bai sake neman kowa ba.

Ƙofar a buɗe take, Don Nabor ya shiga ba sallama. Telan na durƙushe yana cire ƙananan tohon gefe da farce.

"A'a, Don Nabor. Yau burodi ne ya biyo ni har gida?"

"Ina ka samo wannan?"

Don Meliton ya miƙe a hankali yana dafe da ƙugu. "Ita ta ba ni."

"Ƙarya kake, tela. Ba ta ba kowa."

"Shekarar da ƙanƙara ta kashe shukoki ta kawo min saiwa uku a cikin gyalenta. Ta ce kada irin ya zauna wuri ɗaya ya ɓace." Ya ɗan yi murmushi. "Ta kuma ce in ta riga ka tafiya, da ruwa za ka kashe su. Har yanzu safe da yamma kake ba su?"

Don Nabor ya kau da kai. Idonsa na kan wata kujerar katako a gindin bishiyar ɓaure.

"Har cikin gidan nan ta shigo?"

"Duk shekara, lokacin raba saiwa. Nan take zama, in dafa mata kofi da kirfa."

"Ku yi hirar me?"

"Fure. Taki. Wani lokaci gwiwarka."

Da zagi telan ya yi masa, da ya fi sauƙi. Ya san Herlinda, bai zarge ta da komai ba. Abin da ya ci masa rai shi ne ta sha shigowa daga lambu da laka a hannu tana ba shi labarin toho da tsutsa, shi kuwa kunnensa na kan ƙwallon da ake yi a rediyo. Ashe akwai inda take kai labarin a saurara.

"Tone su," ya ce. "Na gidana ne."

"Yanzu? Suna cikin fure? Ai mutuwa za su yi, mai burodi. Bari sanyi ya ƙona ganyen, saiwar ta ƙosa. Duk abin da ke cikin kwamin nan zan kawo maka da kaina."

Watannin da suka biyo baya Don Nabor ya rage ruwa, ba don tela ya faɗa ba, a cewarsa, sai don gwiwa. Ya riƙa tsayawa wurin masu sayar da shuka a kasuwa yana tambaya kamar ba da gangan ba. A nan ya koyi cewa saiwar daliya, mai kama da dankali, ba ta tsirowa sai da ɗan ido a wuyanta. Wadda ba ta da ido, ko ta kai ƙaton rogo, a ƙasa za ta ruɓe.

Da sanyi ya sauko daga dutse ya baƙanta ganye, sai ga Don Meliton da buhu a kafaɗa. Ya zazzage a tsakar gida, an wanke su tas, an shanya, ko ƙwarzane babu. Ofelia na tsaye bakin ƙofa.

"Baba, ka bar masa ko ɗaya mana. Shi ya yi wahalarsu."

Don Nabor ya tsuguna ya yi ta juya su. Ya zaɓi wata ƙatuwa mai sheƙi ya miƙa. Telan ya karɓa, ya shafa wuyanta da babban yatsa, ya ji babu ido, ya ɗago ya dube shi. Sun san abin da suka sani su biyun.

"Na gode, Don Nabor. Ka yi ƙoƙari." Ya sa ta a aljihu ya tafi.

Da damina ta dawo, lambun Don Nabor ya cika. Furen ya fi na bara, ya kai tafin hannunsa. Ya kasa haƙuri, wata safiya ya bi ta unguwar tashar jirgi don ya ga bangon tela babu komai. Kwamin kuwa barkono ne a ciki. Har ya juya ransa fari, sai ya hango wani tsohon bokiti kusa da kujerar nan, da shuka ɗaya a ciki, da fure guda a kanta wanda ya fi duk na bara girma.

"Tela," ya kira ta kan katanga. "Duka ka ce za ka kawo."

Don Meliton ya leƙo ta taga da allura a baki. Ya cire ta. "Na cikin kwami na ce. Wannan a bokiti take tun tana da rai."

Don Nabor ya koma gida yana ɗingishi da sauri, ya zagaya lambunsa yana duban furanni ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya yi masa. Da Ofelia ta zo ya sa ta zauna.

"In kin bi ta wurin tsohon munafukin nan, ki tambaye shi abin da yake zuba wa ƙasarsa."

"Ka tambaye shi da kanka mana."

"Ke za ki tambaya. Kuma kada ki ce ni na aike ki."