Shirun Yaya

Tun daga bakin ƙofa Auta ta jiyo kukan jaririn, irin kukan da ya daɗe har muryar ta dishe. Ta jefar da jakar littattafanta a kan kujera ta faɗa ɗakin. Yaron na kwance a tsakiyar gado yana ta harbin iska da ƙafafu. Uwarsa, yayar Auta, tana zaune a ƙasa, ta zuba wa bango ido, hannuwanta a kan cinya kamar wani ne ya ajiye mata su.

"Yaya, ba kya jin sa ne?"

"Ina ji," in ji Yaya, ba ta ko juyo ba.

Auta ta ɗauki yaron tana jijjigawa. Mama ta shigo da kumfar wanki a hannu, ta tsaya a kan Yaya.

"Ke wace irin uwa ce? Mu da muka haife ku, wa ya ɗauke mana ku? Tashi ki ba shi nono, kafin ranki ya ɓaci!"

Yaya ta karɓe shi ta sa a nono. Hawayenta na sauka a kan goshinsa, ita kuwa fuskarta ko gezau.

Da can ba haka take ba. Ita ce mai dariyar da ake jiyowa daga gidan maƙwabta, mai kitson da mata ke layi a ƙofarta. Bayan haihuwar nan ta fari ne ta daina barci, ta daina ci, daga baya ta daina magana. Mijinta, direban motar haya, ya kawo ta gida ya ce ta zauna sai ta dawo hayyacinta.

* * *

Auta na shekarar ƙarshe a jami'a, tana haɗa digiri a adabin Turanci da nazarin zamantakewa. Da safe takan zauna a ajin adabi, inda ake koya musu su kula da abin da mutumin cikin labari ya kasa faɗa. Da rana ta haura sama zuwa ɗaya sashen, inda ake nuna musu cewa abin da ke cin mutum ɗaya a ɗaki yana cin dubbai a wasu ɗakunan. A can ta taɓa jin lacca kan ciwon damuwar da ke kama wasu mata bayan haihuwa. A lokacin rubutawa kawai ta yi don jarabawa.

Da yamma ta sami iyayenta a tsakar gida. Baba, wanda kafinta ne, yana gyara ƙafar wata kujera.

"Mama, abin da ke damun Yaya ciwo ne. Yana da suna, yana da magani. Mu kai ta asibiti, ɓangaren masu duba ƙwaƙwalwa."

"Ɓangaren wa?" Mama ta dafe ƙirji. "Wurin mahaukata? Ki rufa mana asiri! In aka gan ta a layin asibitin nan, shi ke nan an sa mata suna har ta mutu. Ke kanki wa zai zo neman ki, a ce ƙanwar mahaukaciya?"

"Ba hauka ba ne, Mama."

Baba ya cire ƙusa daga bakinsa ya yi murmushi. "Autata ke nan. Karatu biyu kike yi a haɗe, amma ko ɗaya babu likitanci a ciki. Ɗaya tatsuniyar Turawa, ɗaya gulmar jama'a. Ki bar manya su yi abin da suka sani, ana nan ana yi mata addu'a."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Auta ta juya ta koma ɗaki.

* * *

Auta ta je wurin malamar da ta yi musu laccar. Matar ta saurare ta da kyau, ta gaya mata ranar da likitocin ke ganin masu jego, ta ce kada a yi jinkiri. Da Auta ta miƙe, sai ta ƙara da cewa, "Kin ga kuwa wannan zai yi kyau a aikin bincikenki na kammalawa. Ba a yi rubutu sosai a kai ba."

Auta ta yi godiya ta fito.

Daga nan ta wuce tasha. Ta tarar da mijin Yaya yana goge gilashin mota.

"Ƙanwata, ni ban ƙi yayarki ba," ya ce. "Amma macen da ɗanta zai yi kuka ta kalle shi kamar ɗan maƙiyi? Mahaifiyata ta ce ba ta son yaron ne. Ni me zan ce?"

"Ka ce a kai ta asibiti. Kai in ka faɗa za a ji."

"Sai abokan aiki su ce na auri mai taɓin hankali." Ya matse tsumman. "Bari dai mu ga abin da Allah zai yi."

Da ta koma gida ta zauna kusa da Yaya tana tsefe mata kan da ya cukurkuɗe. Can sai Yaya ta yi magana, a hankali kamar mai tsoron a ji.

"Auta, ina son shi fa. Wallahi ina son shi. Nemansa nake a cikin ƙirjina in rasa inda son ya shige."

"Na sani, Yaya. Jibi zan kai ki wurin likita, ko Mama ba ta yarda ba. Sai mu ce awon yaro za mu. Gobe kawai ki yi mini haƙuri, sassan nan biyu sun haɗa mini jarabawa rana ɗaya."

Yaya ta gyaɗa kai. Rabon da ta riƙe hannun wani tun kafin haihuwa, amma ranar ta riƙe na Auta.

* * *

Washegari Auta ta rubuta adabi da safe, zamantakewa da rana. Tambayar ƙarshe ta ce a bayyana yadda tsoron bakin mutane ke hana iyali neman magani. Ta cika shafuka har alƙalaminta ya fara yankewa. Ta san ta ci.

Da ta dawo, gidan ya yi tsit. Babu kuka. Baba na zaune a kan bencinsa, ba ya aikin komai.

"Ina yaron?"

Mama ce ta amsa, idonta jawur. "Kakarsa ta wajen uba ta zo da mata biyu sun tafi da shi. Ta ce ba za ta bar jikanta a hannun wadda ba ta san zafinsa ba. Mijin kuma ya aiko ya sawwaƙe wa yayarki."

"Kuka ba su? Jariri mai shan nono?"

"Ɗansu ne, Auta. Da me za mu hana?"

"To gobe zan kai ta asibiti."

"Ba inda za ta. Sakakkiya, a gan ta a can tun ba a kwana biyu ba? Sai dangin mijin su ce ga shi, da gaskiyarsu. Rage murya, maƙwabta na ji."

Auta ta dubi Baba. Ya sunkuyar da kai yana share garin katako daga gwiwarsa.

Ta shiga ɗakin. An kwashe kayan yaron tas, har da katifarsa. Yaya na zaune a bakin gado, a miƙe, kamar mai jiran a kira ta.

"Yaya."

"Lokacin shansa ya yi," in ji Yaya.

Gaban rigarta ya jiƙe wuri biyu, danshin yana ta faɗi a hankali. Auta ta ɗauko tawul ta tsaya da shi a hannu. A waje, Mama na rufe tagogi.